Bakaniken da Motar Gidansa Ta Gagara

Akwai wani bakanike da kowa yake kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi da kansa ya sa aka rubuta a allon garejinsa da jan fenti, mutane suka gani suka bi. Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aiki. Garejinsa tsaf yake: daɓen siminti, rumfar kwano mai cin mota huɗu, sifanu a jere a jikin bango daga ƙarami zuwa babba.

Abin da ya fi ji da shi kuwa wata na'ura ce mai kamar babbar waya. Idan ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, sai ta rubuto masa abin da ke damun mota. A cikin jakar fata yake ajiye ta, ba ya barin kowa ya taɓa ta da hannun baƙin mai.

Allah ya rufa masa asiri. Yana da mata, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke bayan gari, kuma suna da tagwaye mata 'yan shekara shida. Saboda su ake kiran ta Maman Biyu, shi kuma a gida Baban Biyu yake. Gidansu gidan raha ne, da wuya maƙwabta su ji muryar wani ta ɗaga.

Mahaifin Maman Biyu shi ma bakanike ne, ya tsufa a sana'ar. Baba Sannu ake ce masa, domin idan ka kai masa mota ba ya saurin buɗe bonet. Sai ya ba ka benci, ya zauna ya yi ta yi maka tambayoyi kamar likita. Masu gaggawa ba sa zuwa wurinsa sau biyu. Waɗanda suka daure kuwa ba sa zuwa wurin kowa sai shi.

Injiniya yana girmama surukinsa, amma a ransa yana ganin zamani ya wuce tsohon. Wata rana sun kai ziyara, hira ta yi daɗi, sai bakinsa ya suɓuce.

"Baba, ai zamanin kara kunne a jikin inji ya wuce. Yanzu mota da kanta take faɗin ciwonta."

Maman Biyu ta harare shi ta gefen ido. Baba Sannu kuwa murmushi kawai ya yi.

"Haka ne. Allah ya ƙara basira."

Ba a yi wata biyu da wannan maganar ba, ƙaramar farar motar da Maman Biyu take zuwa aiki da ita ta fara wani hali. Da safe sai an murza makulli sau biyu ko uku kafin ta tashi. A cikin gari lafiya lau take tafiya. Amma akwai wani dogon hawa kafin a kai asibitin, a nan take nuna halinta. Sai ta fara fizga, ana taka totur tana noƙewa, kamar mai gudu da numfashinsa ya ɗauke.

"Ki kwantar da hankalinki," in ji Injiniya. "Motar matar Injiniya ce fa. Aikin rabin awa ne."

Ya jona na'urarsa. Ta rubuto cewa man da ke isa inji bai kai yadda ake so ba. Ya kaɗa kai, ya ce famfon mai ne ya gaji. Ya ɗaga kujerar baya, ya buɗe murfin tanki, ya ciro tsohon famfo ya sa sabo. Ya zagaya da motar cikin unguwa, ta tafi sumul.

Kwana uku ta koma ruwa.

Ya canza filtar mai. Ya canza fulogi. Ya kwance nozul, masu fesa wa inji mai, ya wanke su tas. Da abin ya ƙi, sai ya ce lallai sabon famfon ne jabu, ya koma ya yi wa mai sayar da kaya tatas, aka ba shi wani ya ɗaura. Duk a banza. Motar ta kwana biyu a gida, ta kwana uku a gareji.

Akwai wani mai facin taya da ke da rumfa a jikin garejin, dattijo ne mai barkwanci, ba ya ganin abu ya yi shiru. Da ya ga farar motar ta sake shigowa, sai ya ajiye gudumarsa.

"Injiniya, wai motar nan ta tare a garejin nan ne? In ta tare a faɗa mana mu zo barka."

"Kai dai ji da tayoyinka."

"Ina ji da su. Na ga dai ta gida ta gagara, ta waje ake ta gyarawa. Ko na'urar ba ta jin yaren motar gida ne?"

Injiniya ya yi dariyar yaƙe, amma maganar ta soke shi.

A gida kuma Maman Biyu ta fara gajiya. Sau uku ta makara a wurin aiki, har shugabarsu ta kira ta ofis ta ja mata kunne. Wata safiya tana ɗaure wa tagwaye igiyar takalmi, ta ce a hankali ba tare da ta ɗago ba:

"Baban Biyu, da ka bari Baba ya ɗan duba ta."

Ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"In kai wa Baba? Ni da gareji guda da na'ura? Me mutane za su ce?"

"Mutane ba su ne suke tsayawa a kan hawa ba."

"Ki ba ni zuwa ƙarshen mako."

Ta ci gaba da ɗaure takalmin. Ita ba mai ja-in-ja ba ce.

Ƙarshen makon bai zo ba. Ranar Laraba aka ba yara hutu, babu makaranta, sai ta ɗauki tagwaye za ta sauke su gidan yayarta da ke kusa da asibiti. Ƙarfe takwas saura, wayar Injiniya ta yi ƙara. Da ya ɗaga, kukan yara ya fara ji kafin muryar matarsa.

Motar ta mutu a tsakiyar hawan, ga tankar mai a bayanta. Burki ya yi tauri da mutuwar inji, motar ta fara sulalowa da baya. Allah ya taimaka ta finciki burkin hannu da dukkan ƙarfinta, direban tankar kuma ya iya tsayawa. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Masu wucewa ne suka sa duwatsu a bayan tayoyi, suka tura ta gefen hanya.

Da Injiniya ya iso a kan babur ɗin haya, ya tarar da ita zaune a bakin hanya cikin fararen kayan aikinta, ta rungume yaran biyu. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta miƙa masa makulli kawai.

"Ga shi. Ba zan ƙara sa 'ya'yana a cikinta ba."

Ya tare musu mota ta kai su. Shi kuma ya zauna a kujerar direba. Ya waiga baya, ya ga takalmin ɗaya daga cikin tagwayen ƙafa ɗaya a ƙasan kujera. Ya daɗe yana kallon takalmin nan.

Da injin ya huce, ya murza makulli, motar ta tashi kamar ba ita ba. Bai nufi garejinsa ba. Ya juya kan motar ya nufi gidan surukinsa.

Wurin aikin Baba Sannu wata 'yar rumfa ce a gefen gidansa. Benci ɗaya, rediyo a rataye, tsohon akwatin ƙarfe na kayan aiki da fentinsa ya koɗe. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce:

"Baba, motar... motar 'yarka ce."

"Uwata ta kira ni ɗazu," in ji tsohon. Haka yake kiran 'yarsa. "Allah ya tsare, ya kiyaye gaba. Zauna, ka sha ruwa tukuna."

Injiniya ya zauna yana jiran a tuna masa maganar da ya taɓa yi. Ba a tuna masa ba. Tambayoyi kawai suka biyo baya.

"Da sanyin safiya take yi, ko sai ta yi tafiya?"

"Sai ta yi tafiya."

"A shimfiɗaɗɗiyar hanya fa?"

"Lafiya lau. Sai a hawa."

"Idan ta mutu aka bar ta ta huce?"

"Sai ta tashi."

"To. Da ka canza famfon, ka auna ƙarfin man da yake turawa?"

"Na'ura ta nuna man bai isa ba, Baba."

"Ai ba ta yi ƙarya ba. Gaskiya ta faɗa. Amma ta ce maka famfo ne?"

Injiniya ya tuno abin da ya karanta a kanta. Na'urar ba ta taɓa cewa famfo ba ne. Shi ya faɗa.

Baba Sannu ya buɗe akwatinsa ya ciro wani geji na auna ƙarfin mai, mai kamar agogo, da dogon tiyo a jikinsa. Ya sa Injiniya ya zare fis ɗin da ke ba famfon mai wuta, suka bar injin ya cinye abin da ke cikin bututu har ya mutu, don kada mai ya fantsamo musu idan sun kwance. Sannan suka ɗaura gejin a bututun da ke kai mai ga nozul, suka mayar da fis, suka tayar.

Allurar gejin ta hau, ta tsaya kusa da inda ya kamata.

"Ka gani, Baba? Lafiyarta ƙalau a nan."

"A nan kam lafiya take. Mara lafiyar da ba ya ciwo sai ya hau tudu, ai tudun za a kai shi."

Suka zaro tiyon ta gefen bonet, suka manna gejin a jikin gilashin gaba da salatif yadda za su iya gani daga ciki. Injiniya ya ja, tsohon yana gefe. Suka yi ta zagaye kusan rabin awa har motar ta ɗauki zafi. Baba Sannu yana ta ba shi labarin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ta taɓa wahalar da shi kwana goma sha ɗaya, ashe gidan zanzaro ne ya toshe mata hanyar iskar tanki. Injiniya bai san lokacin da ya fara dariya ba.

Da suka fara hawa tudun, sai dariyar ta tsaya. Allurar gejin ta fara sauka a hankali, tana sauka, har ta kusa rabin inda take. Motar ta fara fizga.

"Tsaya a gefe, kada ka kashe ta," in ji Baba Sannu. "Yanzu mun gani da idonmu, gani kuwa ya kori ji. Mai yana rasa ƙarfi. To mu lissafa. Famfo?"

"Sabo ne. Na biyu ma ke nan."

"Filta?"

"Sabuwa."

"Bututu yana yoyo?"

"Na bi shi daga tanki har inji, babu ko ɗigo."

"To shi famfon, me yake ci ya yi aiki?"

Injiniya ya dubi gejin. A hankali ya ce, "Wuta."

"Ka auna wutar da ke isa gare shi?"

Injiniya ya girgiza kai. Injin kuwa yana ta shaƙewa.

Tsohon ya zaro ƙaramar mitar auna wuta daga aljihun rigarsa ya miƙa masa. "Hannunka ya fi nawa ƙwari, idonka ya fi nawa gani. Bisimilla."

Injiniya ya auna a kan batir, mita ta nuna sha huɗu. Ya ɗaga kujerar baya ya auna a wayoyi biyun da ke shiga famfo. Tara ma da ƙyar ta kai. Ashe duk makonnin nan yunwa yake bar wa famfon, yana kuma zagin sa da rashin ƙarfi.

Ya bi jar wayar da ke kawo wuta, ya same ta lafiya. Sai ya bi baƙar, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota don wuta ta samu hanyar komawa. Ta shige ƙarƙashin kafet. Ya ɗaga kafet ɗin, sai warin danshi ya buge shi. Ga notin da ya riƙe wayar ya yi tsatsa jawur, bakin wayar ya yi kore shar. Ya taɓa da yatsa, ya janye da sauri. Zafi zau.

Tsakanin notin nan da murfin tankin da ya buɗe har sau biyu bai kai tsawon tafin hannu biyu ba.

"Ruwa ne ya daɗe yana kwanciya a nan," in ji Baba Sannu yana leƙowa. "Wa yake zama a wannan gefen?"

Injiniya ya dafe kai. "Tagwaye. Gorunan ruwansu na makaranta, kullum sai sun tuntsurar."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ashe ƙawayena ne suka ɗaure Injiniya guda! Ka ga yadda abin yake. Da sanyi, wuta tana ɗan kutsawa ta cikin tsatsar. Idan aka yi tafiya wurin ya yi zafi, sai hanyar ta ƙara ƙuntata. A kan tudu kuma inji ya fi neman mai, daidai lokacin da famfo ya fi rasa ƙarfi."

Suka lallaɓa suka koma rumfa. Injiniya ya cire kan batir, ya kwance notin, ya goge ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli. Ya yanke ruɓaɓɓen bakin wayar ya sa sabo, ya ɗaure tam da sabon noti, ya shafa giris don kada ruwa ya sake samun wurin zama. Aikin bai kai minti ashirin ba.

Suka sake zagayawa har ta yi zafi, suka koma tudun. Allurar gejin ko gezau ba ta yi ba. Motar ta haye kamar ana tura ta daga baya. Sau uku suka hau suka sauko, na ukun don daɗi kawai.

A hanyar dawowa Injiniya ya rage gudu, idonsa yana kan titi.

"Baba, akwai maganar da na taɓa faɗa a gabanka. Ban kyauta ba. Ka yafe mini."

"Wace magana? Ni tsufa ya sa ba na riƙe irin waɗannan." Ya gyara zama. "Amma tun da ka kawo kanka, ni ma ina da buƙata. Motocin da ake kawo mini yanzu, wasu ko bonet na buɗe ban san ta inda zan fara ba. Ko makon jiya sai da na mayar da biyu. Wannan na'urar taka, za ka koya mini?"

Injiniya ya juyo da sauri har motar ta ɗan karkata.

"Ni in koya maka, Baba?"

"Kalli hanya. E, kai. Na daɗe ina so in tambaye ka, na ga kana da aiki da yawa."

Injiniya ya mayar da idonsa kan titi, ya ce, "Zan koya maka, Baba."

Da la'asar suka je tare suka ɗauko Maman Biyu daga asibiti. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar, ba ta matso ba. Mahaifinta ya leƙo ta taga.

"Shigo, Uwata, ba abin da zai faru da yardar Allah. Mijinki ya ga wurin da idonsa, ya gyara da hannunsa. Ni rakiya na yi."

Ta dubi mahaifinta, ta dubi mijinta, ta shiga.

Bayan sun sauke tsohon sun ɗauko yara sun isa gida, Injiniya ya kasa zama. Ya bi ta har kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota a hannu. Tana yanka albasa.

"Maman Biyu, abin da Baba ya faɗa ɗazu... rufa mini asiri kawai ya yi. Shi ya kama hannuna har wurin. Da don ta ni ne, da famfo na uku zan saya. Kuma da na ji maganarki tun farko, da ba ku shiga abin da kuka shiga yau ba."

Ba ta daina yankan ba.

"Na sani."

"Kin sani? Ya faɗa miki ne?"

"Baba ba zai taɓa faɗa ba. A gidansa na girma, na san irin rakiyarsa." Ta ajiye wuƙar ta juyo, idonta da ruwa, ko na albasa ne ko ba na albasa ba. "Tun a mota nake jira in ga ko za ka faɗa da bakinka. Wallahi wannan ya fi mini gyaran motar daɗi. Miƙo mini murfin tukunyar can."

Tun daga wannan makon, duk ranar Asabar da hantsi za ka ga Baba Sannu a garejin Injiniya, da tabarau a karan hanci da ɗan littafin rubutu a cinya, yana danna na'ura da yatsa ɗaya. Idan ya maƙale sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam, zo ka ga abin da ta rubuto." Injiniya ya roƙe shi ya daina kiran sa haka har ya gaji. Mai faci kuwa ya samu abin yi, shi ma Malam yake kiran sa har yau.

Darasi: Ilimi ba ya ƙarewa a kan mutum ɗaya, kuma tambaya ba ta rage wa kowa daraja. Girman kai yakan sa mutum ya yi ta zagaye matsala alhali tana kusa da hannunsa, wani lokacin kuma waɗanda yake ƙauna ne suke ɗanɗana kuɗarsa. Idan abu ya gagare ka, ka nemi wanda ya riga ka. Idan kuma kai aka nema, ka taimaka ba tare da ka tozarta ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila akwai wanda yake buƙatar jin wannan a yau.